Mahauci da Baƙuwar Goshin Dutse

Ni mahauci ne, ubana ma da wuƙa a hannu ya tsufa. Da a ce wani ya gaya mini ina saurayi cewa wata rana zan yi kewar ungulu, da na ce a kai shi a duba masa kai. Ungulu fa, wadda na gaji da jifa har kafaɗata ta san zancen.

Garinmu ƙarami ne, a kafaɗar dutse yake. Titi ɗaya gare mu, shi ne ya hawo yana lanƙwasa, ya wuce tasha da tsohon gidan waya, ya ƙare a mayanka. Daga mayankar in ka ɗaga kai, goshin dutse kake gani, tsaye kamar bango. Da muna yara fari ne fat, kuma ba fenti ba ne, kashin ungulaye ne na shekara da shekaru. Direbobi ma da shi suke sanin sun kusa gida. Ana kwantar da sa a mayanka, kafin a gama fiɗa ungulayen sun cika rufin kwano, suna ƙarar farce suna leƙe kamar 'yan biki. Ka juya baya kaɗan, huhu ya yi ƙafa.

Kakata ta sha ba mu labari cewa lokacin da gari yake can sama, bayan ganuwar duwatsun da har yanzu ragowarta take nan, ungulayen su ne masu gadi. In suka tashi gaba ɗaya daga goshin dutse ba tare da an yi yanka ba, to mahara na hawowa ta kwazazzabo. Sai mata su kwashe yara zuwa kogo, maza su tsaya bayan ganuwa. Malamin makaranta ya rubuta wannan a allo ya kafe a ɗakin tarihi, wato ɗaki ɗaya cikin tsohon gidan waya, inda ya tara tukwane da tsatsattsun masu da hoto guda na mayankarmu. Ina cikin hoton ina yaro, amma ungulayen sun fi ni fitowa.

Ban san ranar da suka ƙare ba, abin da ke ci mini rai ke nan. Makiyaya sun sa guba a mushe don kuraye, wasu mutane kuma suka riƙa zuwa suna neman kawunan ungulu wai na magani. Mu muna ta saran nama, ba wanda ya lura. Wata safiya dai na jefa tumbi bayan mayanka, washegari na tarar da shi inda na bar shi, ƙudaje sun yi masa baƙi. Kowace damina ruwa ya ɗan wanke farin goshin dutsen, har ya zama toka-toka. Mutane ma haka suka zube. Tela ya bi 'ya'yansa birni, maƙeri ya rasu, mai gyaran rediyo ya rufe shago ya tafi ko sallama babu. Kasuwar da ake yanka shanu, yanzu akuya ɗaya sai ta kwana.

Ɗana na fari yana birni, can gangare, yana gyaran motoci. Ya daɗe yana matsa mana mu koma wurinsa, wai ya ware mana ɗaki mai taga. Uwarsa kuwa ƙafarta ɗaya tana can tuntuni. Sanyin dutse ya cinye mata gwiwoyi, jikokinta kuma sai dai ta gan su a waya, tana shafa gilashin da yatsa. Ni ne nake ta kawo uzuri, yau gyaran rufin gida, gobe akuyoyi. Gaskiyar magana, ba na son in mutu a inda in na ɗaga kai ba abin da zan gani sai tankin ruwan maƙwabci.

Ana cikin haka, farkon rani, ina wasa wuƙa a ƙofar mayanka sai inuwa ta gifta a kan gungumen sara. Na ce shirwa ce. Da na ɗaga kai sai hannuna ya tsaya. Ga ta can a goshin dutse, ta naɗe fukafukai ta sunkuyar da wuya. Ita kaɗai ce, tsohuwa, gashin fiffike ɗaya ya zube.

Wallahi ƙwalla ta zo mini. Na zuba huhu da saifa a bokiti na kama hanyar sama, ni da na rabu da hawan nan da daɗewa. Na bi ta tsohon gari, na ratsa kangaye da ramukan niƙan da kakanninmu suka ƙwaƙule a jikin dutse. Remaye, ɓerayen dutsen nan, suna shan rana a kan ganuwa, suka gan ni suka shige tsaga. Wani ƙaton biri ya zauna yana kallon bokitina, na ce masa ya kama gabansa, ba nasa ba ne. Na juye naman a kan falalen dutse na koma bayan kango na laɓe. Ta daɗe tana nazari kafin ta sauko. Ta yi tsallen nan nasu na ƙafa biyu, ta kama huhun ta ja.

Kafin in sauko gari ya ɗauka. Mai shayi na hango ni ya ce, "Mahauci, ya baƙuwarka? Ta yaba girki?" Na ce ta fi shi sanin nama mai kyau, kuma ba ta taɓa cewa in ƙara mata ƙashi ba. Malamin makaranta ya kwaso ɗalibai suka tsaya a titi suna nuni. Yawancinsu ba su taɓa ganin ungulu da rai ba, wata yarinya har tambaya ta yi ko talotalo ce.

Uwar yara ba ta yi dariya ba. Ta kalli bokitin ta ce, "Malam, da gwiwarka ɗin za ka riƙa hawa? Naman da ba ka iya sayarwa ba ka samo masa mai ci kyauta."

"Baƙo ne ya zo garinmu," na ce.

"Mu ma baƙin muke son zama, an hana mu."

Da ɗan namu na birni ya bugo waya na ba shi labari har bakina na rawa. Da ya gama ji sai ya ce, "Baba, to mu yi haka. Muddin tana nan, na bar ku. Ranar da ta tashi, ina zuwa da mota, kuma ba wani zancen rufi." Na ce na yarda. Shi da wasa ya faɗa, amma duk mun san ba wasa ba ne.

Daga nan kullum da hantsi ina sama. Na fara saninta kamar yadda ake sanin maƙwabci. Ba ta son jijiya, tana son saifa. In hankaki suka dame ta sai ta buɗe fukafukai ta taka musu sau ɗaya, su watse. Har ta daina jira in laɓe. Ina zaune a kan ganuwa tana ci, ina gaya mata waɗanda suka tafi da waɗanda suka mutu, tunda ba wanda ya rage da zan gaya wa. Ƙarƙashin inda take kwana wani ɗan farin layi ya fara sauka a jikin dutsen, na nuna wa kowa har aka gaji da ni.

Abu ɗaya ne ya hana ni sakewa. In ta ƙoshi ba ta hutawa. Sai ta tashi ta yi ta kewaya sama, tana hawa tana hawa har ta zama ɗigo. Na san wannan kewayen tun ina yaro: haka suke yi in sun sami abinci, na nesa su hango su taho. Kira take yi. Ni ma sai in ɗaga kai ina duba gabas da yamma har wuyana ya ƙage, ina roƙon Allah ko da ɗaya ce ta amsa. Da rana ta karkata sai ta dawo ita kaɗai ta zauna. Na ƙara naman, na kai mata kan akuya sukutum, wai ko yawan abinci zai sa ta haƙura.

Wata safiya na hau na tarar naman jiya yana nan, hankaki ne kawai suka tsattsage shi. Goshin dutse wayam. Na zauna har azahar, na ce ta je yawo. Washegari na koma, da wanshekarensa. A rana ta ƙarshe ko bokitin ban juye ba. Na tsaya ina kallon ramukan niƙa da kangaye, na ji kewar kowa ta taso mini lokaci ɗaya, kakata, ubana, maƙeri, har ƙarar farce a kan kwano. Ban yi fushi da ita ba. Wa zai zauna a inda yake kira ba a amsawa don kawai ana ba shi saifa?

Na sauko da bokitin a cike na ajiye bayan ƙofa. Uwar yara tana tsakar gida tana shafa man zafi a gwiwa. Ta kalli bokitin, ta kalle ni, ba ta tambaye ni komai ba. Dama daga nan tsakar gida ana ganin goshin dutsen, kuma ta fi ni ido.

La'asar ta yi, wayarta ta yi ƙara. Yaron ne. Ta sa shi a lasifika kamar kullum saboda kunnenta. Jikokin suka yi ta rige-rigen gaishe ta, ƙaramar tana cewa ta koyi rubuta sunanta, yaushe kaka za ta zo ta gani. Na ga fuskar matar nan ta buɗe. Sai uban ya karɓa.

"Inna, ya baƙuwar Baba? Tana nan?"

Ina zaune a bakin ƙofa da wuƙa da dutsen wasa, na ƙi ɗaga kai.

"Tana nan," ta ce. "Ɗazu ma na hango ta. Ka bar mu tukuna."

Matar da ko farashin gishiri ba ta iya ƙarawa a magana, yau ita ce ta yi ƙarya, kuma a kan abin da ta fi so a duniya. Ta ci gaba da murza gwiwarta, ba ta kalle ni ba.

Na ajiye wuƙar na miƙa hannu. Ta riƙe wayar ta ƙi saki, sai da na ɓamɓare yatsunta a hankali.

"Ni ne," na ce. "Idon uwarka ne ya fara rauni, hankaka ta gani. Ta tafi neman 'yan uwanta. Ka zo ranar da ka samu sarari, kuma ka taho da yaran, su hau sama su ga tsohon gari kafin mu sauka."