Ɗigo Ɗaya Daga Rijiyar Baba

Baba ya kafa ido a bakin madubin ganin ƙwayoyin cuta, haske ya soke shi har sai da ya yi ƙwalla. Fari fat, babu ko ƙura.

"To, ina cutar?" Ya ɗago yana murmushin wanda ya ci shari'a. "Ruwan da ya raine ki, yau shi za ki yi wa ƙazafi?"

Auta ta matso kusa da madubin. Ita ce ƙaramar 'yarsa, a ɗakin gwaje-gwajen asibitin take aiki, kuma 'yarta ce ke kwance a sashen yara, gudawa ta tsotse ta. Ta yi faɗin duniya cewa rijiyar gida ce sila, tun da maƙwabcinsu mai gidan haya ya jera masai a jikin katangarsu. Baba kuwa, taɓa rijiyarsa tamkar jan gemunsa ne. Da hannunsa ya haƙa ta, unguwa guda ke sha tun da famfo ya zama wurin shanya tsumma. Shi ya sa yau ya ɗebo da kansa a kwalba, ya ce a nuna masa, gani ya kori ji.

"Hasken ne ya yi yawa, Baba. Jikinsu kamar gilashi yake, haske ratsa su yake yi ya wuce."

"Ikon Allah! Yau kuma haske ke ɓoye abu?"

Ta sunkuya ta murɗa maɓallin fitila, ta ɗan sauke gilashin da ke tattara haske a ƙarƙashin faifan da ɗigon ruwan ke kai, sannan ta tura wani siririn hannu da ke tsuke ƙofarsa, a hankali kamar mai rage wutar risho.

"Sake dubawa. Buɗe idon duka biyu."

Farin ya koma ruwan toka. Sai Baba ya ga wani abu ya gifta.

Wata halitta ce mai siffar silifas, gashi kewaye da ita, tana tuƙa kanta cikin isa. Ta yi karo da wani ɗan datti, ta ja da baya, ta kewaye shi. Ga wata kamar zare tana murɗe-murɗe, ga ƙanana birjik suna karkarwa. Gari guda, kowa na sha'aninsa, a ɗigon da bai kai hawaye ba. Ya manta da gardama, ya manta ma 'yarsa na tsaye.

"Subhanallah," ya ce da muryar da ba tasa ba. "Auta, su ma ci suke yi? Wa ke ciyar da su a nan?"

"Wanda ke ciyar da mu, Baba." Ta nuna kwalbar. "Waɗanda suka kwantar da jikarka sun fi waɗannan ƙanƙanta. Amma ruwan ɗaya ne."

Ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago, kunya ce da tsoro a fuskarsa.

"Nemo min kwaɗo. Yau zan rufe rijiyar."

* * *

Ya nufi sashen yara da sauri, yana son ya fara gaya wa matarsa. Ya same ta a bakin gado, ta tallafo kan jikar, fuskarta cike da murna.

"Malam, albishirinka! Amaryarka ta sha ruwa. Na asibiti ta ƙi shi ƙememe, wai warin magani yake. Na aika aka ɗebo mata na gida."

Baba ya miƙa hannu, amma kofin ya riga ya zama wayam. Yarinyar ta lashe busassun leɓɓanta, ta dube shi da idanun da suka faɗa.

"Kaka, ƙara min. Naka ya fi daɗi."