'Yar Tunkiyar Peigi da Sabuwar Hita

A tsibirinmu duk mai tumaki ya san amfanin tsohuwar hita ta ɗumama ɗaki. Bulo ne cunkus a cikinta. Ta sha wuta da dare, ta wuni tana huci, ko kana gida ko ba ka nan. Ɗan tunkiyar da ya rasa uwa, a kwali ake sa shi a tura jikinta, shi ke nan.

Maƙwabcina Torquil, tsoho mai taurin kan tsiya, da ita ya raini rabin garkensa. Sai ga 'yarsa Dolina daga Glasgow da ma'aikata. Suka ɓalle hitar, suka liƙa wata fara sol, siririya kamar faranti, ko maɓalli babu.

"Baba, daga wayata zan riƙa kunna maka," in ji ta. "Kai dai ka zauna ka sha ɗumi."

"Wato kina Glasgow za ki san sanyin ƙafata?"

"Kai, Baba, ka faye mita!"

Ya tsinci bulo ɗaya ya ba ni, na riƙa tare ƙofa da shi.

Da lokacin haihuwar tumaki ya zo, tunkiya ɗaya tak da ta rage a garken marigayiya matarsa Peigi ta haihu ran Asabar ta mutu. Ta bar 'ya mace, ƙafafu kamar tsinke. Torquil ya sa ta a kwali, ya tura jikin sabuwar hita.

Mu nan ran Lahadi ranar ibada ce, ba a shanya, ba a ɗaga waya. Dolina ta sani sarai, zaman birni ne ya shafe mata. Ta bugo da safe don ta ce masa za ta kashe hitar, tunda coci za shi, daga can ya wuce gidan ƙanwarsa cin abinci. Ya tsaya yana kallon wayar har ta gaji ta yi shiru. Ya taɓa hitar, ya ji ta da zafi, ya gyara kwalin, ya fita.

Da yamma ya koma gida ya tarar hitar ta yi sanyi ƙalau, sai ya buga mini ƙofa, 'yar tunkiyar na cikin kwat ɗinsa.

"Ishbel, murhunki da wuta?"

Muka shafa ta, muka ɗura mata madara mai ɗumi. Ko haɗiya ba ta yi ba. Haushi ya turnuƙe ni, na rasa wa zan zaga.

Litinin da safe ina gidansa, na kai masa shebur ya binne 'yar tunkiyar, hitar ta yi ƙit ta kama da kanta. Sai waya.

"Baba, jiya na yi ta nemanka. Na kunna maka, ka ji ɗumi?"

Na buɗe baki, ya ɗaga mini hannu. Ya dubi kwalin.

"Na ji, 'yar nan."

Ya ajiye wayar, ya ce in dawo masa da bulonsa.