Kayan Gyaran Motar Baba

Aikina shi ne in sa wa ƙarfe kuɗi. Haka nake cewa in an tambaye ni, don in huta da dogon bayani. Kamfaninmu kayan gyaran mota yake ƙerawa, ni kuma ina can hawan sama, a wani ɗan ofis da tagarsa ke kallon bangon sito, ina yanke nawa za a sayar da kowane abu a kowace ƙasa.

Famfon ruwa guda, injin ɗaya ya ƙera shi, kwali iri ɗaya aka sa shi, amma kuɗinsa a nan daban, a can daban. Inda jabu ya cika kasuwa sai mu sassauta, don kada mutane su guje mu. Inda kwastam ke da zafin hannu sai mu ɗora wa mai saye. Birki da filta da fulogi kowa ya san kuɗinsu, ba a wasa da su, ƙara kaɗan sai a ce kamfani ya haukace. Abin da mu kaɗai ke ƙerawa kuwa, a nan muke fanshewa. Sannan dole in sa ido kada tazarar ƙasashe biyu maƙwabta ta yi yawa, in ba haka ba 'yan kasuwa su kwashe na mai araha su tsallaka iyaka da shi, mu wayi gari muna gasa da kanmu.

Ba mai son mai yanke farashi. Masu talla su ce na kashe musu kasuwa, masu lissafi su ce ina rabar da kayan kamfani sadaka. Abincin rana a kan teburina nake ci. In na koma gida, ɗaki da falo ne, ba mai yi mini sannu da zuwa sai ƙugin firji. Shekaru sun ja tun da na bar gida na zo ƙasar nan, kuma har yau maƙwabcina na ƙofa da ƙofa ɗaga hannu kawai ke haɗa mu. Kaɗaici ya dame ni, ba zan ɓoye ba.

Abu ɗaya nake jira a mako: wayar Baba, ranar Asabar da hantsi.

Baba tsohon direba ne, kuma yana da wata mota da ya saya tun ina goye. Tsohuwa yake ce mata. Shi ba mutum ne mai hira ba. Lokacin da Mama ke da rai, ita ke riƙe waya, shi kuma ya jefo gaisuwa daga nesa. Da ta rasu na ɗauka shi ke nan, ni da shi sai gaisuwar saƙo. Sai ga shi wata Asabar ya kira, ko amsa gaisuwata bai gama ba ya ce:

"Uwata, ke kika sa wa fambel wannan kuɗin?"

"Nawa aka ce maka, Baba?"

Ya faɗa. Na ce ai kuɗin ƙasar ne ya faɗi, ga kuɗin jirgin ruwa, ga na kwastam.

"Jirgin ruwa? 'Yar robar da zan iya ɗaure wando da ita? Ku dai ku ji tsoron Allah."

Daga ranar abin ya zama jiki. Kowace Asabar sai ya je shagon wani mai kayan gyara da ake ce wa Babu-Ragi, ya jiyo kuɗin wani abu, ya dawo ya kira ni ya wanke ni tas. Yau kuloci, wani makon lagireto. A cikin faɗan nan nake jin komai: cewa gwiwarsa ta matsa masa, cewa matar Yayana ta sauka lafiya, cewa Babu-Ragi ya sa haƙorin roba yana ta murmushin da ba a tambaye shi ba. Ni ma a nan nake cusa nawa. Sai in ce, "Bari in duba maka, jiya ban je aiki ba, zazzaɓi ya ɗan taɓa ni." Shi kuma ya ce, "Ki sha magani. To shi kulocin fa?"

Wani lokaci nakan ce a raina, wannan mota ba abin da ta iya sai lalacewa.

Ana nan sai aka kira taro a kan tsofaffin motoci. Manaja ya ce kayansu sun cinye mana wuri a sito, ba sa tafiya, sai ƙura suke tarawa. Za a ninka kuɗinsu a ƙasashen da har yanzu ake neman su, in wanda ke sito ya ƙare a daina ƙerawa. Ban yi musu ba. Ina zan yi musu, alhali lissafin da ya dogara da shi ni na yi shi da hannuna? Samfurin Tsohuwa na ciki, ƙasarmu ma na ciki.

Na sauka sito da kaina. Ma'aikata suna da rangwame, kuma a ƙasar nan kayan tsofaffin motoci ba mai kallonsu, don haka kuɗinsu a ƙasa yake. Na bi kanta kanta, ina tuno duk abin da Baba ya taɓa yi mini faɗa a kansa, da wanda bai kai gare shi ba tukuna. Famfon ruwa, kuloci, fambel, kafireto, kayan birki na gaba da na baya, har da roba-robar da ban san sunansu ba sai lambarsu. Mai kula da sito ya dube ni ya ce, "Hajiya, gareji za ki buɗe?" Na yi dariya. Rabon da in ji daɗi irin na ranar har na manta. Na ce yau dai na yi wa Baba abin da 'ya ke yi wa uba, Tsohuwa ta huta da Babu-Ragi har ƙarshen rayuwarta.

Kwalin ya yi tafiyarsa, ya isa. Ranar Asabar Baba ya kira.

"Uwata, kaya sun iso."

"Komai ya cika, Baba?"

"Ya cika. Har ya yi yawa. Allah ya yi miki albarka."

Na ce amin. Ina jin numfashinsa, ina jin rediyon maƙwabta a bayansa.

"To," in ji shi, "kada in cinye miki lokaci."

Asabar ta zagayo, na ajiye waya a kan hannun kujera, na ƙi shiga wanka don kada ta yi ƙara ban ji ba. Hantsi ya wuce, azahar ta yi. Ba kira. Wadda ta biyo baya ma haka. Ni na kira shi. Ina kwana, lafiya lau. Ya jiki, da sauƙi. Ya Tsohuwa, tana nan. Kafin a ce me, mun ƙare, kamar mutum biyu da suka haɗu a layin banki.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na yi ta masifa ni kaɗai a falo, ina wanke kofin da na riga na wanke. Wato mutum ya yi abin kirki a saka masa da shiru? Da na san haka ne da na bar shi da Babu-Ragi su ƙarata. A ƙarƙashin fushin kuwa tsoro ne zalla. Muryar Baba ce kaɗai ke shigowa ɗakin nan ta kira ni da sunan da ba na ofis ba, ga shi tana neman ɗaukewa.

Na kira Yaya, na sauke masa duka. Ya bar ni na gama, sannan ya yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"Wai ke wace Tsohuwa kike nufi? Wadda kaji ke ƙwai a ƙarƙashinta?"

"Ban gane ba."

"Ai motar nan tun bara ba ta motsa ba. Idon Baba ya yi rauni, likita ya hana shi tuƙi. Tayoyin ma duk sun sace."

"To kayan da yake tambaya fa?"

"Tambaya ce kawai. Da safe zai sa hularsa, ya taka har shagon Babu-Ragi, ya tambayi kuɗin abu ɗaya, su yi ta ciniki kamar gaske, ya sha shayi, ya dawo ya kira ki. Ko da wasa bai taɓa saye ba."

Na zauna a bakin gado.

"Yanzu kuwa," Yaya ya ci gaba, "duk layin sun ga an sauke kwalin nan, mutum biyu suka kama shi. Da wane ido zai je ya tambayi kuɗin kuloci, alhali kowa ya san yana da sabo a ɗaki? Na ce masa ya kira ki ku gaisa kawai, ya ce mai aiki ba a kiranta haka siddan."

Ni da nake cika baki na san abin da mutanen ƙasashe da dama za su iya saye da wanda ba za su iya ba, ban san abin da ubana ke zuwa nema a shago ba.

Washegari da rana na ture abincina gefe, na rufe ƙofar ofis, na kira shi.

"Baba, wani aiki ne ya taso, kuma kai kaɗai za ka iya yi mini."

"Ina jin ki."

"Dilolinmu na can ba sa faɗa mana gaskiyar abin da suke sayarwa. Ina son wanda zai riƙa shiga kasuwa yana jiyo mini da kunnensa."

Akwai kamfanin da muke biya yana yi mana wannan aikin, kuma ba ya kuskure. Ban ga dalilin faɗa masa ba.

Ya yi gyaran murya. "Ai na daɗe ina gaya miki cutarku suke yi. Wanne da wanne?"

"Birkin gaba, na sababbin motoci."

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai. Sauran sai wani makon."

Ya ce, "To. Hakan ya fi. In ka tambayi abu da yawa a lokaci guda sai su gane ka."

Ranar Asabar na yi shara, na dafa shayi, na zauna kusa da waya. Da hantsi ta yi ƙara.

"Uwata, ke kika sa wa birki wannan kuɗin?"

Ya faɗi kuɗin. Daidai yake da wanda na sa da hannuna, ko kwabo bai ƙaru ba. Na ce, "Haba dai, Baba! Haka suke yi mana?" Ya ce ai ban ga komai ba. Daga nan ya shiga ba ni labarin yadda suka kwashe da Babu-Ragi, da yadda haƙorin robar ya kusa faɗowa cikin shayi, da jaririn Yaya da ya fara rarrafe yana jan igiyar fanka. Na ce masa nan ana ta ruwa, rufin ofishinmu na ɗiga. Ya ce in matsar da kujerata. Shayina ya huce ban sha ba.

Da muka zo sallama sai ya tsaya.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Tsohuwa fa ba ta tashi. Ta daɗe."

"Na sani, Baba."

Na ji ya sauke numfashi a hankali.

"To," in ji shi. "Asabar mai zuwa me zan tambayo?"