Haƙarƙarin Furera

"Wayyo! A hankali, Kaltume, nan ne ya sa takalmi!"

Kaltume ta saki tsumman cikin ƙwaryar ruwan zafi, ta toshe wa Furera baki da tafin hannu. Ta kasa kunne. Bayan danga babu motsi sai na kaza tana tono. Can wajen makarantar firamare, inda sojojin suka sauka, rediyonsu na ta surutu.

Matsalar ke nan. Furera ba ta ji sosai tun wani sanƙarau da ta yi tana yarinya, saboda haka ba ta iya raɗa ba. Duk maganar da za ta yi sai ka ce tana kiran wani a ƙarshen gona. Da can abin dariya ne a Tudun Marke, Furera za ta jawo ki gefe ta ce sirri za ta gaya miki, sai unguwa duka ta ji. Yanzu ba mai dariya.

Soja sun sauka garin tun gero bai fid da kai ba. Wai an ƙwace wa wani nasu bindiga a hanyar kasuwa, wai nan sawun ɓarayin ya shigo. Suka zazzage rumbuna, suka farke katifu, har tukunyar daddawa sai da suka sa sanda a ciki. Ba bindiga. Amma ba su tafi ba. Suka kori yara daga makaranta suka zauna a ciki, suka cinye awakin mutane ɗaya bayan ɗaya, suka kafa doka cewa ba mai taka gona, wai a cikin shuka ake ɓoye makami. Ga shi yanzu gero ya nuna, tsuntsu na ci, masu shi na kallo daga bakin zaure. A bakin rijiya kuma suka gitta itace: duk mai wucewa ya tsaya, ya sauke kaya, ya ɗaga hannu.

Furera maginiyar tukwane ce, danga ɗaya ta raba su da Kaltume tun suna amare. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'yarta guda tana aure wajen Dawakin Tofa, ba kuma hanyar aika mata. Ran nan ta ɗebo ruwa, tulu a kai, ta juya za ta gida. Soja ya ce mata tsaya, daga baya. Ta ina za ta ji? Kaltume ba ta wurin. Maza ne a wurin, suna zaune a inuwar masallaci, har da Liman Tasi'u, har da Dabo, autan Kaltume. A gabansu aka sa tsohuwa tsallen kwaɗo da tulu a kai, zani na kwancewa tana tarewa. A gabansu ta faɗi, tulun ya fashe, aka bi ta da takalmi. Sai da sojan ya koma inuwa sannan suka iya zuwa suka ɗauko ta.

Kaltume ta ɗage hannunta daga bakin Furera, ta sa yatsa a nata leɓen.

"Na sani, na sani," in ji Furera, da ƙarfi dai kamar da. "Amma ni me na yi masa? Da na juyo ma gaishe shi na yi. Yaro ne fa, Kaltume, bai kai Dabo ba. Da Hausa ya zage ni, na ga bakinsa. Uwata ya ambata."

"Rufe mana baki, za ki jawo mana," Kaltume ta faɗa, ta san ba ji za ta yi ba.

Ta matse tsumman ta ɗora. Gefen hagu duka ya yi baƙi ya kumbura, daga hamata har ƙugu, in ta danna sai wani abu ya motsa a ƙasan fata wanda bai kamata ya motsa ba. Kaltume ita ke yi wa matan garin wankan gawa, ba irin jikin da ba ta gani ba. Amma wannan ta kasa kallonsa kai tsaye.

"Tukwanena suna bayan ɗaki, ɗanyu ne. In hadari ya taso ki sa Hure surukarki ta shigo da su."

Kaltume ta gyaɗa kai.

"Kin ce me?"

"Na ce to!"

Furera ta yi dariya, dariyar ta zama tari, tarin ya fito da jini a gefen baki. Ta duba bayan hannunta ta daɗe, ba ta ce komai ba. Wannan shirun ya fi ba Kaltume tsoro.

Asibiti kuwa ba a ma yi maganarsa ba. Da Dabo ya je roƙon a bar shi ya fita da ita a amalanke, sojan bakin hanya ya tambaye shi me ya same ta. Dabo ya tsaya, ya rasa amsar da ba za ta ci shi ba, ya ce ai ma ta ji sauƙi, ya dawo.

Haka aka yi kwanaki. Kunu ya daina wucewa. Wata safiya, rana ta ɗan ɗaga, Kaltume ta ga hancin Furera ya tsaya, ƙafa ta yi sanyi, ta gane lokaci ya yi. Ta sunkuya ta raɗa mata kalmar shahada a kunne. Idon Furera na kan rufin ɗaki, ba alamar ta ji. Ta sake, ta ɗan ɗaga murya. Shiru. Hure, matar Dabo, tana bakin ƙofa tana girgiza kai, tana nuna wajen makaranta.

Kaltume ta dubi ƙofa, ta dubi Furera. Sai ta kama kanta da hannu biyu, ta sa baki a kunnen da ya fi ji, ta buɗe maƙogwaro kamar mai kiran salla.

"La'ilaha illallahu! Furera! La'ilaha illallahu!"

Tun da soja suka zo ba wanda ya ɗaga murya haka a Tudun Marke. Rediyon makaranta ya mutu. Leɓen Furera ya motsa, ta faɗa, a hankali, irin yadda ba a taɓa jin ta yi magana ba. Daga nan ba ta ƙara ba.

Kaltume ta yi wankan, Hure na zuba mata ruwa tana kau da kai. Suna ɗaure likkafani suka ji ƙugin mota. Ba a jima ba Dabo ya yi sallama, ya durƙusa daga waje.

"Inna, babbansu ne ya zo daga birni, Kyaftin. Labari ya kai masa. Yana ƙofar mai gari, wai zai yi shari'a kafin a kai ta."

"Alhamdu lillahi."

"Tsaya ki ji, Inna. Ya ce in ciwon ajali ne, ba shari'a, gobe kowa ya shiga gonarsa. In kuwa aka ce soja ne, sai an yi bincike, gari kuma yana rufe har a gama. Dattawa sun riga sun yi magana."

"Sun ce me?"

"Sun ce a faɗa masa ciwon ajali ne."

"Kai ba ka gani ba? Ba kai ka ɗauko ta ba?"

"Na gani, Inna."

"To?"

"Inna, rumbu ba komai, ke ma kin leƙa. Jikokinki me za su ci? Ita dai ta riga ta tafi. Don Allah ki zauna a cikin gida."

Ya tashi ya fita. Kaltume ta zauna kusa da gawar. Gaskiya yaron ya faɗa, rumbu ba komai. Ta ce wa kanta za ta zauna. Ta ma zauna ɗin, har ta jawo carbi. Amma ba ta san lokacin da ta yafa mayafi ba, sai ganin kanta ta yi a lungun gidan mai gari, a bayan zana, tana leƙe. Leƙe kawai za ta yi.

Kyaftin na kan kujerar mai gari, mai gari na ƙasa a tabarma. Mutum ne mai tsafta, Hausarsa tas, yana magana a hankali kamar malamin asibiti. Sojoji sun jeru a bayansa da bindigogi.

"Allah ya ji ƙanta," ya ce. "Tsohuwa ce, ko? Dama tana da wani ciwo?"

Ya bi fuskoki da ido, ya tsaya a kan Dabo.

"Kai ne maƙwabcinta."

"Tana... tana tari, ranka ya daɗe. Tun bara."

Furera da tun bayan sanƙarau ko mura ba ta taɓa kwantar da ita ba! Kaltume ta ture zanar ta fito fili. Ta ji fitsari na neman kubce mata. Ba ta taɓa tsayawa gaban taron maza ba, balle gaban bindiga.

"Ƙarya yake yi. Ni na haife shi, ƙarya yake yi."

Wani soja ya gyara riƙon bindiga. Kyaftin ya ɗaga masa yatsa.

"Wace ce wannan?"

Liman Tasi'u ya yi sauri ya miƙe. "Ranka ya daɗe, mai wankan matanmu ce. Ba ta da bakin magana a nan. Kaltume, kin fi kowa sani, abin da mai wanka ta gani a jikin mamaci amana ce, ba a faɗa. Ki ji tsoron Allah ki koma ciki."

Ba mugu ba ne, shi ma yara gare shi.

"Na sani, Malam. Abin da na gani yau a wanka yana tsakanina da Allah, har in mutu ba mai ji. Amma kwanakin nan da nake gasa mata jiki, da ranta. Ita ta ce in duba. Haƙarƙarinta a karye yake, gefen hagu, da shatin takalmi a kai. Jini take tofarwa. Ba ta ji, kowa a nan ya san ba ta ji, daga baya aka kira ta. Kai ma kana zaune, Malam. Dukanku kuna zaune."

Kyaftin ya dube ta, ya ɗan yi murmushi.

"To, Mama, ga su nan. Wanne ne?"

Ta juya wajen mazan garin. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

"Ni ba na wurin. Ta dai ce yaro ne, Bahaushe, uwarta ya zaga."

Kyaftin bai ko waiwaya ba, ya kira wani suna. Wani siririn yaro ya fito daga layi ya ƙame. Ko gemu bai yi ba. Kyaftin ya daka masa tsawa da Turanci, yaron ya miƙa bindigarsa ga na kusa, ya kama kunnuwa, ya tsuguna. Ya yi tsallen kwaɗo daga ƙofar mai gari har rijiya, ya juyo. 'Yan'uwansa na danne dariya, ɗaya ma yana ƙirga masa. Da ya iso ya miƙe yana haki, ya kaɗe gwiwa, ya karɓi bindigarsa ya koma layi.

"Kin gani, Mama? An hukunta shi a gabanki. Mu soja ba ma ɗaure wa kowa gindi."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"To ita ma bari in je in gaya mata ta tashi ta kaɗe gwiwa."

Murmushin ya ɗauke. Kyaftin ya miƙe, ya gyara hula, bai ƙara kallonta ba. Ya juya ga mai gari.

"Tunda an kawo ƙara a bainar jama'a, dole a yi bincike. Gona tana rufe sai na sake aiko. Ku je ku binne gawarku. Mutum shida sun isa, sauran kowa ya shiga gida."

Mota ta tashi. Mazan suka watse ta gefenta kamar ba mutum a tsaye, wani har kafaɗarsa ta goge ta. Wani dattijo da suka yi wasan ƙasa tare ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Kin kyauta, Kaltume. Sai ki dafa mana gaskiyar mu ci." Dabo ya wuce, idonsa jajir. Shi ya kama gaban makara.

Ta koma gidan Furera. Matan da suka zo zaman makoki suna tsakar gida, labari ya riga ta isowa. Ba wadda ta zage ta. Sun dai matsa, suka bar mata tabarma guda ita kaɗai. Hure na jikin danga, goye da ƙaramin ɗanta, tana kallon rumbu.

Kaltume ba ta zauna ba. Ta ɗauki fartanya ta zaga bayan ɗaki, inda aka haƙa ramin da ruwan wanka ya gangara. Aikin mai wanka ne ta rufe shi. Ta tarar ƙasa ba ta gama shanyewa ba, ruwan na kwance, da kumfar sabulu a kai da ganyen magarya guda yana juyawa. Ta tsuguna a gefen ramin, ta ɗora fartanyar a cinya, tana jira.