Gas ɗin Yakura

A'a, Tanimu, tsaya nan. Kar ka sauko daga mota ka faɗo min gida ka ce ni na bar uwarka da yunwa. Tunda ka tono maganar, zauna ka ji ta har gindi.

Tun rasuwar babanka, kullum gari ya waye sai uwarka Yakura ta leƙo ta kafar dangar nan da ɗan kaskonta, ta ce, "Husseina, a sam min wuta." Kai a zatonka wuta take zuwa ɗiba? Alimetin ƙyasta wuta ne babu a Gure? In zuba mata garwashi, in ce ɗumamen nan ya yi mana yawa, ki taimaka min da shi kar ya lalace. Ta yatsine fuska, ta ce to, don dai ni ce. Kwano ƙarƙashin mayafi, kasko a sama inda kowa zai gani. Ita ba ta roƙa ba, ni ban yi sadaka ba. Haka muka tsufa.

Sai kai ka tashi yin abin kirki. Ka aiko da butalin gas daga Damagaram, da reshonsa, har da saƙon wai hayaƙi na ɓata ido, kuma a bar sarar itace, rairayi na cinye gari. Ban ce ka yi ƙarya ba. Da can bayan gari muke karyo itace, yanzu sai amalanke ta yi nisa, ga 'yan gandun daji a hanya. Ni kaina kandilo nake hurawa da ƙodagon goriba, a murhun lakar nan da matar ɗana Fadilu ta gina min, ɗan kaɗan ya dafa tukunya. Gas abu ne mai kyau. Abin da za a ɗora a kansa ne ka manta.

Uwarka kuwa ba ta bari an kai shi ɗaki ba sai da ya wuni a ƙofar gida. Duk wadda ta gitta sai an murɗa mata ta ga shuɗiyar wuta. Da yamma ta shigo nan, ta toshe hanci da bakin mayafi, wai ita yanzu ƙirjinta ba ya ɗaukar warin kashin shanu, har tana mamakin masu cin abin da aka dafa da shi. Gaban surukata ta faɗa. Na ce Allah ya sanya alheri.

Washegari na yi ɗumame kamar kullum, na ajiye nata. Ba ta zo ba. To da wane dalili za ta zo? Mai gas ta fito ɗibar wuta, ai unguwa ta samu abin dariya. Na juye wa awaki.

Me ya hana in aika, ka ce? Na aika. Matar Fadilu ta kai, aka maido kwanon yadda ya tafi, wai yanzu ta sauke shinkafa da miya, in ina so a zubo min. To ni ba na bin mai shinkafa da ɗumame.

Ga kuma wani abu. A unguwar nan hayaƙi ke gaya mana gidan da aka ɗora tukunya. In rana ta take ba a ga na wani gida ba, sai wata ta nemi dalilin shiga, aron maburgi ko rariya, ta duba. Gas ɗinka ba ya hayaƙi. Kowa ya ɗauka Yakura na can tana girkin zamani. Ruwan zafi take dafawa, ta jefa ɗan ganyen shayi, ta sha, ta fito ƙofar gida tana sakace. Ni na sani. Danga ce tsakaninmu, kuma tukunya in da abu a ciki kukanta daban. Ina ji, ina cin tuwona. Jira nake ta gaji ta zo. Ashe ita ta gwammace ta faɗi gindin randa a kwashe ta zuwa likita.

In rage murya tana ji? Ai don ta ji nake yi. Ƙarin ruwa aka yi mata, ba kunne aka toshe mata ba.

Gidan mai unguwa kuma? Za ka kai ƙarata, wai na ga maƙwabciya na mutuwa na yi shiru. To madalla, mu je, yanzu ma zaurensa cike yake, an taso daga la'asar. Sai dai zai tambaye ni yadda aka yi abincin uwarka ya rataya a wuyana, ni kuwa ba na ƙarya gaban manya. Duk Gure an san buhun hatsi kake aiko mata duk wata. Ita ta baza, gidan biki da gidan gaisuwa, har mata na yi wa 'ya'yansu gori da kai. Zan ce ni dai ban taɓa ganin an sauke buhun ba. A tashi da ita maƙaryaciya, kai kuma a san ka. Miƙo min sandata, ka wuce gaba.