Hatimin Jiya

Sati biyu ke nan da aka kewaye benenmu da waya mai ƙaya a unguwar Masjid India, a ƙasar da nake karatu, ba shiga ba fita, saboda annoba. Masu tsaron ƙofar sojojin ko-ta-kwana ne, mutanen gari da ake kira su sa kaki idan abu ya ɓaci. Ɗayansu ma Hassan ne, mai shagon da nake shan shayi tun zuwana karatu.

Ranar Talata aka bugo mini daga asibiti, matata Raudatu ta cika. Za a rufe ta Alhamis ƙarfe goma, mutum ɗaya aka yarda ya je, shi ma sai da takardar izinin fita.

Maƙwabcina Abdulgani ya ce, "Datti, ka biya teburin hukumar birni su ma su buga maka stamp. Na ji ana maganar handover, wai tsaron zai koma hannunsu."

Na dubi teburin. Wata 'yar siririyar mata ce a rumfa, daga ita sai biro. Ni kuwa tashin Najeriya ne, na san inda ƙarfi yake. Na ce, "Haba Malam, ga kyaftin a tsaye, in je wajen akawu?"

Na wuni a layi ranar Laraba, kyaftin ya sa hannu, ya danna hatimin tarayya. Na wuce Abdulgani ina yi masa kallon wanda bai san duniya ba.

Alhamis da safe na miƙa wa Hassan takardar. Ya karanta, ya dawo mini da ita da hannu biyu.

"Tak boleh lah, brother," ya ce da yarensu, wato ba zai yiwu ba, idonsa a ƙasa.

Ashe tun asuba an cire su daga hannun tarayya an miƙa wa hukumar birni, kyaftin ya kwashe kayansa. Kakin shi ne, fuskokin su ne, amma takardata ta zama ta ƙunshin gyaɗa.

Na ruga teburin da na raina. Matar ta ce za ta tura sunana ofis. Na roƙe ta, na yi faɗa, na yi kuka a gaban jama'a ban ji kunya ba. Wallahi ban taɓa tsanar kaina irin ranar ba.

Sha ɗaya saura aka turo mini hoto a waya: tudun jar ƙasa da lamba a kan katako. Baƙi ne suka sallace ta.

Bayan azahar matar ta kira sunana, ta miƙo mini takarda da sabon hatimi. An amince in halarci jana'izar ƙarfe goma.