Gaisuwar Gidan Alhaji Mamman

A ƙofar ofishin an rubuta da manyan baƙaƙe cewa nan ne Sashen Ba Ɗalibai Shawara Kan Aiki da Rayuwa. A ciki kuwa babu aiki babu rayuwa, sai fanka mai kuka da Dakta Shu'aibu, wanda jami'a ta ɗora wa sashen tun lokacin da aka rasa inda za a kai shi.

Abdulbaqi ya shiga da buƙata guda. Yana shekarar ƙarshe ta digiri na biyu a fannin ruwa, kuma ƙa'ida ta ce sai ɗalibi ya yi horon aiki a wani kamfani kafin a ba shi shaidar gamawa. Wanda bai samo gurbi ba kafin ƙarshen wata, sai ya jira baɗi. Ga shi mahaifiyarsa a Kaura Goje ta riga ta shelanta wa maƙwabta cewa bana ɗanta zai gama.

Dakta Shu'aibu ya saurare shi yana ɓare gyaɗa. Bai waiwayi kwamfutar da ke gefensa ba, wadda har yanzu ledarta ke jikinta. Ya ce matsalar yaran zamani gaggawa, ai ba aiki ake nema ba, mutum ake nema. Akwai Alhaji Mamman a Nassarawa GRA, mai kamfanin haƙa rijiyar burtsatse, abokinsa ne tun suna samari. Abdulbaqi ya riƙa zuwa gaishe shi bayan la'asar.

"Amma kada ka kuskura ka roƙi komai," in ji shi. "Babba ba a tambayarsa. In ya ga tarbiyyarka, da kansa zai kira ka."

Shawarar ke nan kaf. Ana biyan mutum albashi duk wata don ya faɗi abin da kakar kowa za ta faɗa kyauta.

Abdulbaqi ya tafi, don wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa yake. Gidan na bayan doguwar katanga, a wani layi mai itatuwan darbejiya da shiru. A harabar an shimfiɗa dardumomi ƙarƙashin mangwaro, Alhaji Mamman na kishingiɗe a kujera da carbi da farin gilashi, samari kuwa sun kewaye shi kamar ana rabon gado. Abdulbaqi ya cire takalmi, ya durƙusa, ya gaida shi da gida da iyali da gajiya. Alhaji ya ce Allah ya yi albarka. Aka matsa masa wuri.

Wanda ya matsa masa shi ne Aƙilu, wani siriri mai hula zanna, wanda ya gama digirinsa na biyu tun shekaru biyu da suka wuce, kuma shi ma Dakta Shu'aibu ne ya turo shi. Aƙilu ya zama limamin masu gaisuwa. Shi ya koya wa Abdulbaqi inda ake dariya a labarin tafiyar Alhaji Jamus, da inda ake girgiza kai a ce kai duniya. Ya tabbatar masa cewa lamarin ya kusa, don a makon jiya Alhaji ya kira shi da sunansa. To, ba daidai sunansa ba, Aliyu ya ce, amma alama ce.

Haka kwanaki suka yi ta tafiya. Abdulbaqi ya haddace labarin Jamus. Ya san ra'ayin Alhaji kan farashin taki, kan matasa masu aski irin na 'yan ƙwallo, kan ciwon gwiwa. Kullum dab da magariba maigadi kan wangale get, wata farar motar ɗaukar kaya mai taɓo har gilashi ta shigo, wata mata da takalmin roba da babban mayafi ta fito ta yi sallama ta wuce ciki. Nan take samarin kan sunkuyar da kai, kowa ya zuba wa yatsun ƙafarsa ido. 'Yar gida ce, kuma matar aure, ɗan mutunci ba ya kallonta. Aƙilu ya ce wannan ma Alhaji yana lura da shi.

Ranar Alhamis ɗin da wa'adi ya rage kwana ɗaya, Abdulbaqi ya zo ya zauna a wurinsa. Alhaji ya ɗauko labarin Jamus, ya kai daidai inda Bature ya ɗanɗana yaji, majalisa ta shirya dariya. Sai Abdulbaqi ya ji bakinsa ya buɗe.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Ni gurbin horon aiki nake nema a kamfaninka. Gobe ake rufewa."

Aƙilu ya dafe kai kamar an aiko masa da rasuwa. Alhaji ya sauke gilashi ya dubi yaron, ba don roƙon ba, don an katse masa Bature a tsakiyar tari.

"Wane kamfani? Yaro, ni da kamfani ai sai dai a gaisa. Tun da aka yi mini aikin ido na sakar wa 'yata Najla komai. Ko ofishin ban san inda suka mayar ba."

Wani daga baya ya yi ƙarfin hali ya tambaya, a ladabce, me ya sa Alhaji bai taɓa faɗa ba. Alhaji ya ce wa ya tambaye shi? Shi ya ɗauka zumunci ne ke kawo su, har yana yi wa abokansa alfahari cewa matasan yanzu ba su lalace duka ba.

Ana cikin haka get ya buɗe, farar motar ta shigo. Kawuna suka sunkuya bisa al'ada. Abdulbaqi ya ga tunda ya riga ya jiƙe babu sauran tsoron ruwa. Ya miƙe ba takalmi, ya tsaya nesa kaɗan, ya ce Injiniya barka da dawowa, sannan ya maimaita buƙatarsa.

Najla ta dube shi, ta dubi jerin ƙeyoyin da ke kan darduma. Ta ce tun farkon zango ta aika wa ofishin shawara na jami'arsu cewa tana da gurbi uku, ba wanda ya amsa. Biyu ta ba wasu ɗalibai daga Zariya da suka bugo waya suka tambaya. Na ukun yana nan. Ta tambaye shi me zai fara dubawa in rijiya ta ba da ruwa mai ƙarnin ƙarfe. Ya faɗa. Ta ce rabi daidai ne, sauran rabin zai koya a rana.

"Gobe da safe, Tudun Wada, bayan makarantar firamare. Ka zo da takardar jami'a in sa hannu. Kuma ka bar wannan shaddar a gida, taɓo za ka shiga."

Da ya koma ɗaukar takalminsa ya durƙusa ya yi wa Alhaji sallama. Alhaji bai ce Allah ya yi albarka ba. Aƙilu ya raka shi bakin get yana raɗa masa cewa ya yi asarar babban mutum saboda aikin wata shida, shi kam ba zai zubar da shekara biyu a banza ba, ai uba ya fi 'ya. Ya juya da sauri ya koma, don Alhaji ya ɗauko Bature daga farko.

Washegari kafin Juma'a Abdulbaqi ya kai takardar ofishin shawara, wandonsa da taɓo har gwiwa. Dakta Shu'aibu ya ga sunan kamfanin, fuskarsa ta washe. Ya buga hatimi da ƙarfi har ɓawon gyaɗa ya yi tsalle, sannan ya juya ga wani sabon ɗalibi da ke rakuɓe a kujera yana jira.

"Ka gani ko? Wannan ni na tura shi. Gaisuwa kawai ya yi ta yi."

Abdulbaqi ya karɓi takardarsa ya fita. Bai tafi ba. Ya jingina da bango ƙarƙashin manyan baƙaƙen nan, yana jiran yaron ya fito.